Kalmar "Haraji": Asalinta da Yadda Ake Amfani da Ita

Gabatarwa

A cikin kalmomin Hausa da suka shafi kuɗi, da wuya a sami wadda ta kai kalmar "haraji" yawo a bakin jama'a, kuma da wuya a sami wadda ake faɗa da ɗaure fuska kamarta. Mai tebur a kasuwar Kawo, in an yanka masa tikiti, sai ya ce ya biya haraji. Ma'aikacin gwamnati da ke zaune a unguwarmu ta Hayin Banki, in ya ga an zaftare wani abu daga albashinsa, sai ya ce haraji ne. Tsoho mai shekara tamanin kuwa, da ya ji an ambace ta, sai ya tuna da dagaci da dogari da wata 'yar takarda da yakan ninke ya sa cikin hula. A 'yan shekarun nan kuma mun ji wani sabon abu, watau wai 'yan bindiga sun sa wa ƙauye kaza haraji. To, shin duk waɗannan abu guda ne?

Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in bi sawun kalmar tun daga inda ta fito, in nuna yadda ma'anarta ta yi ta juyawa, da yadda ake sa ta cikin magana, da abin da ya bambanta ta da 'yan'uwanta. Hausawa sun ce suna linzami ne. Duk wanda ka ce ka biya shi haraji, to, ka shaida ke nan shi ne mai mulkinka, ka kuma ɗora masa nauyin kula da kai. Saboda haka ya kamata mu san wanda muke ba wannan suna.

Asalin kalmar

Haraji ba kalmar Hausa ce ta asali ba. Aro ce daga Larabci, kamar yadda muka aro alƙali da hukunci da zakka. Larabawa suna cewa "kharaj", daga tushen da ke nufin fita, watau amfanin da ƙasa ta fitar, da kuma abin da mai ƙasar ya fitar ya miƙa wa hukuma. Bahaushe ba shi da sautin nan na maƙogwaro da ake rubutawa "kh", sai ya mai da shi "h". Haka ya yi da halifa da huɗuba da hatimi da Alhamis. Sa'an nan da yake kalmomin Hausa ba su cika ƙarewa da baƙi ba, sai ya liƙa mata wasalin "i" a ƙarshe, ta zama haraji. Ana ɗaukarta a matsayin namiji, domin cewa ake yi "haraji ya yi yawa". In ana nufin iri-iri kuwa, sai a ce haraje-haraje.

A cikin littattafan fiƙihu ma'anarta a ƙayyade take. Haraji shi ne kuɗi ko hatsin da ake karɓa a kan ƙasar noma wadda ta shigo hannun Musulmi, aka bar masu ita suna nomawa. Sa'ad da aka ci ƙasar Iraƙi, Sayyadina Umar, halifa na biyu, bai raba gonakinta ga mayaƙa ba. Ya bar manoma a kansu, ya sa musu haraji, domin abin da aka tara ya shiga baitulmali, a riƙa biyan masu tsaron iyaka, waɗanda za su zo daga baya su ma su amfana. Can daga baya Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid littafi sukutum a kan wannan batu, mai suna Kitabul Haraj, ya kuma gargaɗe shi a kan zaluncin masu karɓa. Mai karatu ya lura, tun daga tushe kalmar tana tafe da hukuma wadda aka sani, da baitulmalin da kuɗin ke shiga, da aikin da za a yi wa jama'a da su.

Kafin zuwan Turawa

Tun kafin kalmar ta zama ruwan dare, sarakunan ƙasar Hausa suna karɓar kuɗi daga talakawansu, amma kowane iri da sunansa. Tsohon littafin nan na tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kutumbi, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1648, shi ne Sarkin Kano na farko da ya karɓi jangali daga Fulani, watau kuɗin shanu. Sarki Muhammadu Sharefa, daga 1703 zuwa 1731, ya ƙirƙiro waɗansu sababbin kuɗaɗe, har da na 'yan mata masu aure da na kasuwar Kurmi. Ɗansa Kumbari, daga 1731 zuwa 1743, ya tsananta har kasuwar Kurmi ta kusa mutuwa, ya kuma sa wa malamai nasu. Abin da ya biyo baya shi ne, Larabawa 'yan kasuwa suka koma Katsina, talakawa da yawa suka watse zuwa ƙauyuka.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya fara jihadi a 1804, ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla a littafinsa Kitabul Farƙi, cikin abubuwan da sarakunan Haɓe ke ɗora wa mutane ba bisa shari'a ba. Ke nan kuɗin da ake karɓa ba kan ƙa'ida ba suna daga cikin ƙorafe-ƙorafen da suka tara wa Shehu jama'a.

Duk da haka, bayan jihadi waɗansu daga cikin kuɗaɗen nan sun ci gaba. Wani Bature ɗan ƙasar Jamus mai suna Barth, wanda yake kiran kansa Abdulkarimu, ya iso Kano a 1851, ya rubuta abin da ya tarar. Kowane mai gida yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500. Kowace rijiyar rini ana biya mata kuɗin karofi wuri 700. Kowace bishiyar dabino wuri 600 a shekara. Akwai kuma kuɗin rafi a kan kayan lambu. A nan ƙasar Zazzau, wadda Kaduna ke cikinta, ba gida ake ƙirgawa ba, kayan noma ake ƙirgawa, shi ya sa ake kiransa kuɗin garma. Su kansu sarakuna suna kai gaisuwa ga Sarkin Musulmi a Sakkwato. Ashe a wancan zamani kalmar da ta fi aiki ita ce "kuɗi": kuɗin kaza, kuɗin kaza. Haraji kuwa ta fi zama a littattafan malamai.

Zamanin Turawa

Turawan Ingila sun kama Zariya a 1902, suka ci Kano da Sakkwato a 1903. A jawabin da Gwamna Lugga ya yi wa manyan Sakkwato a watan Maris na 1903, ya gaya musu cewa ikon naɗa sarki da tuɓe shi da ikon sa haraji, waɗanda Fulani suka samu ta hanyar yaƙi, yanzu sun koma hannun Ingila. Ga shi nan ƙarara, shi kansa Lugga ya san mai karɓar haraji shi ne mai ƙasa.

A 1906 aka kafa dokar da ta haɗa yawancin tsofaffin kuɗaɗen nan wuri guda, suka zama kuɗi ɗaya da ake biya sau ɗaya a shekara, jangali kuma ya tsaya daban don masu shanu. Wannan kuɗi guda shi ne sunan haraji ya zauna a kansa. Daga nan kalmar ta fito daga zauren malamai ta shiga kowane gida. Ga yadda abin yake gudana. Malaman haraji su bi gari su ƙirga maza baligai. A yanka wa gunduma jimlar abin da za ta kawo, da yardar Razdan. Hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya raba wa masu unguwa, mai unguwa ya raba wa masu gida. Akan ɗauke wa makafi da kutare da tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare. Da kaka ake karɓa, lokacin da manomi ya sai da amfanin gona. In an tara, wani kashi ya tafi ga gwamnatin Turawa, wani ya shiga baitulmalin En'e, inda ake biyan albashin sarki da hakimai da alƙalai da 'yan doka, a kuma yi hanyoyi da rijiyoyi da makarantu.

Da tafiya ta yi tafiya, sai aka daina karɓar wuri da hatsi, sai kuɗin Bature. Wannan ya sauya zaman mutane ƙwarai. Don a sami sulallan haraji manomi ya duƙufa ga gyaɗa da auduga, musamman bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Waɗansu suka tafi cin rani, waɗansu haƙar kuza a Jos, waɗansu ƙwadago a nan Kaduna, wadda ta zama babban birnin Arewa a 1917.

A wannan zamani ne kalmar ta haifi maganganu da dama. In aka ce yaro "ya isa haraji", ana nufin ya zama mutum. "Gudun haraji" kuwa shi ne mutum ya bar garinsu ya shiga wata ƙasa kafin a zo ƙirga, kamar yadda makiyayi kan kaɗa shanunsa zuwa daji in lokacin jangali ya gabato. Rasit ɗin haraji ya zama kamar katin shaida, matafiyi ba ya rabuwa da shi. A zaɓen 1951 ma, namiji mai biyan haraji ne ke da ikon zaɓe a matakin farko. Amma a nan ne kuma kalmar ta yi baƙin jini. Dattawa suna ba da labarin yadda akan ɗaure wanda ya kasa biya a rana, da yadda mutum kan sai da akuyarsa ko ya jinginar da gonarsa, da yadda wani mai karɓa kan karɓa sau biyu. Ga shi kuma ba a cika duba ƙarfin mutum ba, mai buhu goma da mai buhu ɗari abin da suke biya bai yi nisa da juna ba.

An soke haraji, kalmar ta rage

Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, wadda kuma Malam Aminu Kano ya shugabanta, ta sami karɓuwa wurin talakawa ne saboda yaƙi da irin wannan zalunci. Magajiyarta, watau PRP, ta ci zaɓen gwamna a jihohin Kano da Kaduna a 1979. Da hawansu mulki a watan Oktoba na shekarar, Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna suka ba da sanarwar soke haraji da jangali. A lokacin Katsina tana cikin Jihar Kaduna, domin sai a 1987 aka raba su.

Abin da aka soke shi ne kuɗin nan na bisa kai. Ita kalmar ba ta mutu ba, sai ma faɗi da ta ƙara, ta zama sunan duk wani kuɗi da hukuma ke karɓa bisa doka. Akwai harajin albashi. Akwai harajin sayen kaya da ake kira VAT, wanda aka fara a 1994 a kan kashi 5 cikin 100, aka mai da shi kashi 7.5 a watan Fabrairu na 2020. Wannan ko yaro yana biyansa in ya sayi katin waya, ko da bai sani ba. A Jihar Kaduna an yi dokar da ta tattara haraje-haraje wuri guda a 2016, ta kuma hana ma'aikata karɓar tsabar kuɗi a hannu. A 2020 aka ba da sanarwar kuɗin raya ƙasa na naira 1,000 a shekara a kan kowane baligi, abin da ya tuna wa tsofaffi da harajin da. Ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji na tarayya, waɗanda suka ɗauke harajin albashi daga kan naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara. Har kuɗin da Shugaban Amurka Donald Trump ya ɗora wa kayan ƙasashen waje a 2025, gidajen rediyon Hausa haraji suka kira shi.

Yadda ake sa ta cikin magana

Wanda ke son ya san zuciyar kalma, ya dubi aikatau ɗin da suke rakiyarta. Ta gefen hukuma cewa ake yi an sa haraji, ko an ɗora, ko an aza, ko an yanka. Ɗorawa da azawa kuwa kaya ake yi wa a kan mutum ko a bayan jaki. In mai magana yana jin an zalunce shi, sai ya ce an ƙaƙaba musu haraji. Duk waɗannan suna nuna abu ne da ke saukowa daga sama, ba a nemi shawarar mai ɗauka ba.

Ta gefen talaka kuwa aikatau guda ne, watau "biya". Ba a cewa an ba da haraji kamar yadda ake ba da kyauta ko sadaka. Ba a kuma cewa an fid da haraji kamar yadda ake fid da zakka. To, me Bahaushe ke biya? Yana biyan bashi, yana biyan ladan aiki, yana biyan kuɗin kaya, yana biyan kuɗin mota. A cikin kowannensu akwai abin da ya karɓa, ko zai karɓa. Ke nan harshen da kansa ya riga ya yanke hukunci cewa haraji ciniki ne tsakanin mai mulki da wanda ake mulka, kowa da abin da zai miƙa.

Masu aikin kuma karɓa suke yi, su tara, su kai. In ɗayansu ya sa a aljihu, sai a ce ya ci kuɗin haraji, laifin da ya tuɓe rawunan dagatai da hakimai da yawa a zamanin En'e. Daga ƙarshe, mai ikon sawa shi ne mai ikon ƙarawa da ragewa da yafewa da sokewa.

Maƙwabtanta

Akwai waɗansu kalmomi na kuɗin da ake nema a wurin mutum, waɗanda bai kamata a cuɗa su da haraji ba. Tara ita ce kuɗin da ake cin wanda ya yi laifi, wanda bai karya doka ba ba ruwansa da ita, alhali haraji yana hawa kan mai gaskiya da marar gaskiya. Diyya ana biyanta ne saboda rai ko rauni ko ɓarna, kuma wanda aka cuta ko magadansa ne ke karɓa. La'ada ta dillali ce, kamasho na ɗan tasha ne, dukansu ladan aiki ne. Kuɗin fito asalinsa ladan mai kwalekwale ne da ya ƙetarar da kai kogi, daga baya ya zama sunan abin da 'yan kwastan ke karɓa a kan kaya. Murgu shi ne abin da bawa ke biyan ubangijinsa a da, don ya bar shi ya yi sana'ar kansa. Zakka ibada ce, Allah ne ya ƙayyade ta, ya kuma faɗi waɗanda za a ba.

Karo-karo shi ne wanda muka fi sani a unguwa. In za a biya 'yan sintiri, ko a yashe kwata kafin damina, ko a gyara taransifoma, akan bi gida-gida a karɓi abin da aka amince a kai. Ya yi kama da haraji, amma jama'a ne suka sa wa kansu. Cin hanci kuwa, ko toshiyar baki, ko abin da ake sakayawa a ce "na goro", a ɓoye ake yinsa, ba rasit, kuma mai bayarwa da mai karɓa duk sun san laifi suke yi.

Sai kuɗin fansa, watau abin da ake bayarwa don a karɓo mutumin da aka kama. A da kalmar ta bayi ce da kamammun yaƙi, har ta kusa komawa littafin tarihi. Abin baƙin ciki, mu mutanen Kaduna mun ga dawowarta da idonmu. A watan Maris na 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, nan bayan Mando, ba nisa da mu, suka kwashi ɗalibai 39, suka nemi kuɗin fansa.

"Harajin" 'yan bindiga

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi nauyi. A shekarun 2021 zuwa 2023 an yi ta jin labari a rediyo da jaridu cewa 'yan bindiga sun sa wa ƙauyuka haraji a Zamfara da gabashin Sakkwato da Katsina, da kuma ƙasar Birnin Gwari a jiharmu. Sai an biya kafin a yi shuka, a sake biya kafin a yi girbi. Garin da ya ƙi, a hana shi zuwa gona, ko a kai masa hari.

Me ya sa mutanen ƙauye suka zaɓi wannan kalma? Ba jahilci ba ne. Ba su ce fansa ba, domin ba a riga an kama kowa ba. Ba su ce fashi ba, domin ɗan fashi sau ɗaya yake zuwa ya ƙwace ya gudu. Abin da suka gani shi ne, an yanka wa gari jimlar kuɗi, an sa ranar kawowa, shugabannin gari sun raba wa gidaje, kuma lokacin ya dace da shuka da kaka. Wannan kuwa ita ce siffar harajin da kakanninsu suka sani. Bakinsu gaskiya ya faɗa mai ɗaci, watau a wannan wuri, a wannan lokaci, mai bindiga ne ke da iko.

Amma kama da wane ba ta wane. Mu auna shi da abin da muka gani a baya. Babu dokar da ta kafa shi. Babu baitulmalin da yake shiga, bindiga da harsashi ake ƙara saye da shi. Babu rasit, babu alƙalin da za ka kai wa ƙara in an zalunce ka, ba a ɗauke wa makaho ko tsoho. In wani gungu ya karɓa yau, ba abin da zai hana wani ya zo gobe. Tsaron da ake cewa an saya kuwa, daga sharrin mai sayarwar ne. A cikin Suratul Kahfi an ba da labarin mutanen da suka yi wa Zulƙarnaini tayin kuɗi don ya gina musu katanga tsakaninsu da Yajuju da Majuju, kuma kalmar da aka yi amfani da ita a wurin daga tushe ɗaya take da haraji. Su tayinsu ga mai gina katanga suka yi shi. Ba wanda ya ce a kai wa masu ɓarnar.

Kada mai karatu ya ce wannan matsalar mutanen ƙauye ce. Hatsin da ake aunawa a kasuwar Kawo daga gonakinsu yake fitowa. Abin da manomi ya biya ɗan bindiga yana hawa kan buhu, daga buhu ya sauka kan mudu, daga mudu ya shiga tukunyar gidanmu. Kowace uwa a Hayin Banki ta biya rabonta ba tare da ta taɓa ganin mai karɓa ba.

Hukuma ma ta san suna ba abin wasa ba ne. A watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci cewa ƙungiyoyin 'yan bindiga 'yan ta'adda ne, domin sunan da aka kira mutum da shi shi ke nuna dokar da za ta hau kansa. To, in sunan mai karɓa yana da muhimmanci haka, sunan abin da yake karɓa fa? Ba na ganin laifin manomin da ke tsakanin rai da mutuwa. Amma 'yan jarida da malamai da mu ɗalibai, da muke da sararin zaɓen kalma, ya kamata mu ce kuɗin ƙwace, ko kuɗin tilas, ko kuwa mu ce "abin da suke kira haraji". In kunne ya saba da jin ɓarawo yana sa haraji, watarana zuciya za ta saba da ganinsa a matsayin sarki.

Ko a makarantun kwana akwai ɗan ƙaramin misalin wannan. Wani babban ɗalibi yakan tare ƙanana ranar dawowa daga hutu, ya ce kowa ya kawo harajin gari da sukari da ƙuli-ƙuli, ana dariya. Sunan da ya sa wa abin shi ne ya rufe masa muninsa. Da a ce zai fito fili ya ce "ku kawo in ƙwace", da ya ji kunya.

Kammalawa

Mun ga yadda kalmar haraji ta taso daga gonakin Iraƙi, ta zauna a littattafan malamanmu, Turawa suka mai da ita sunan kuɗin bisa kai, aka soke kuɗin a 1979 ita kuwa ta ci gaba da rayuwa. A duk wannan tafiya ba ta rabu da ma'anar mulki ba. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa ya faɗi gaskiyar abin da yake samu ya kuma biya haraji a kan kari. Shi ne kuma ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu su ne babban dalilin kafa gwamnati. Ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai tebur da aka yanka wa tikiti yana da ikon ya nemi rasit, ya kuma tambayi ina kwata, ina fitila, ina asibiti.

A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanun garin wadda ta yi shekaru a rufe. Fatanmu shi ne zaman lafiya ya game ko'ina, har ya zama hukuma ɗaya kaɗai manomi ya sani, ita kuma ta san hakkinsa. Mu kuma 'yan'uwa ɗalibai, mu riƙa auna kalma kafin mu furta ta, domin cikinmu ne za a sami masu karɓar haraji da masu karanta labarai na gobe. Allah ya ba mu shugabanni masu adalci, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.